Tanki a tsaye, famfo a bushe: wa ke da alhakin ruwan garinmu?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, wani gari a kan iyakar Kano da Jigawa, mutanenmu za su kai 5,000. Muna da babban tanki da aka kafa tun ina yaro, da rijiyoyin burtsatse guda 2, da janareta, an kuma ja bututu zuwa unguwanni. Yau wata 8 ke nan ko ɗigo bai fito ba. Ma'aikacin da ke kula da injin ya ce babu man gas, kuma sumo ɗaya, wato injin da ke zuƙo ruwa daga cikin rijiya, ya ƙone. Jama'a na zargin shi ne ke sayar da man, har ana cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Yanzu jarka naira 100 muke saya a hannun 'yan ga-ruwa. Wasu sun ce mu kai kuka Abuja, wasu sun ce mu haɗa kuɗi mu haƙa sabuwar rijiya mai sola mu huta. Don Allah wa ke da alhakin ruwanmu, kuma wace shawara za ka ba mu?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar jama'a da kake yi. Idan na fahimce ka, kana son sanin ƙofar da za ku ƙwanƙwasa, da ko ma'aikacin nan ne ya kashe muku ruwa, da kuma inda ya kamata kuɗin da za ku tara su tafi. Na yi aikin ruwa a ƙananan garuruwa irin naku tun daga gidan famfo har zuwa ofis, kuma tun da wuri zan faɗa maka ra'ayina: kada ku fara da haƙa sabuwar rijiya. Abin da ya kashe tsohuwar, idan ba a gano shi ba, shi zai kashe sabuwar.

Wa ke riƙe da me

Masu cewa a tafi Abuja suna tsammanin akwai wata hukuma guda ta ƙasa da ke tura ruwan famfo gida-gida, kamar yadda NEPA ta riƙe wutar lantarki a da. Babu ita a Najeriya. Ma'aikatar albarkatun ruwa ta tarayya tana tsara manufofi, tana kula da manyan madatsun ruwa ta hannun hukumomin raya koguna guda 12. Tamu ita ce Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, hedkwatarta a Kano. Ita ke kula da madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da ta Challawa da ke Ƙaraye wadda aka gama a 1992, da noman rani irin na Kadawa da na kwarin Haɗeja. Aikinta tare ruwa da sakinsa a kogi. Tace shi da kai shi bakin randar mutum kuwa aikin jiha ne.

A Kano akwai hukumar ruwa ta jiha, wadda manya har yau suke kira da tsohon suna WRECA, ita ke riƙe da matatun ruwa na Challawa da Tamburawa da Watari, sai kuma RUWASA mai kula da karkara. Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, ta raba aikin gida uku: hukumar ruwa ta manyan garuruwa, STOWA ta ƙananan garuruwa, da RUWASA ta ƙauyuka. Kowace ƙaramar hukuma kuma tana da sashen ruwa da tsafta. A kan waɗannan duka ga rijiyoyin da 'yan majalisa ke haƙawa a matsayin aikin mazaɓa, ga na ƙungiyoyin agaji, ga na masu hali da ke neman lada.

Manufar ruwa da tsafta ta ƙasa da aka fitar a shekarar 2000 ta ja iyaka da yawan jama'a. Gari mai ƙasa da mutum 5,000 ƙauye ne, ana lissafa wa kowa lita 30 a rana. Daga 5,000 zuwa 20,000 ƙaramin gari ne, lita 60. Ta kuma ce wajen gina aikin ruwa a irin waɗannan wurare tarayya ta ɗauki rabin kuɗin, jama'ar gari kashi 5 cikin 100, jiha da ƙaramar hukuma su cike saura, amma mafi yawan nauyin gudanarwa da gyara ta ɗora shi a kan masu shan ruwan. Garinku yana kan wannan iyaka daidai, kuma garuruwan da ke nan su suka fi shan wuya. An gina muku aikin a matsayin ƙauye, kun girma kun fi ƙarfin ƙauye, hukumar birni kuma ba ta ganin ku a cikin nata. Don haka abu na farko shi ne ku gano sunan wace hukuma ce ke kan takardar aikin, kuma wa ke biyan albashin ma'aikacin nan. Sau da yawa ba guda ba ne. Na ga inda jiha ta gina, ƙaramar hukuma ke sayen mai, albashi kuma yana fitowa daga wani wuri na uku, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya sayi sumo.

Lissafin da ba a yi muku ba

Ka ɗauki biro mu yi tare. Mutum 5,000 a kan lita 30 kacal, lita 150,000 ke nan a rana, ban da dabbobi, ban da ranar kasuwa. Idan tankinku irin mai galan 10,000 ne, wato kusan lita 45,000, sai an cika shi fiye da sau 3 kowace rana. Janareta matsakaici mai ƙarfin kVA 20 yana shan man gas kusan lita 4 a awa. A yi awa 8, lita 32 ke nan. A 2021 litar man gas ba ta kai naira 300 ba, amma zuwa 2024 ta haura 1,000. Ka ga mai kaɗai yana neman miliyan guda a wata, ban da baƙin mai da matata da gyara. Kuɗin da ake ware wa gidan famfo bai bi wannan tashi ba. Inda ake da wutar lantarki ma ba a tsira ba, ka tuna ƙarshen Oktoban 2024 da Arewa ta haura mako cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, manyan matatun ruwa ma sai da suka ji a jikinsu.

Ta ɗaya ɓangaren, nawa ake tarawa a garin? Ina kyautata zaton kusan babu, domin mun taso da fahimtar cewa ruwan gwamnati kyauta ne, 'yan siyasa kuma suna ƙara jaddada haka lokacin neman ƙuri'a. Ruwa na Allah ne, babu musu. Amma ɗago shi daga mita 50 a ƙarƙashin ƙasa zuwa saman tanki kuɗi ne kowace awa. Abin da ke damuna shi ne talakan da aka ce an yi wa kyauta shi ya fi kowa biya. Gidan da ke shan jarka 6 a rana a kan naira 100 yana kashe naira 18,000 a wata, a kan ruwan da bai san daga ina aka ɗebo shi ba. Gidan da ba shi da wannan kuɗi kuma yara mata ne ke biya da lokacin makarantarsu.

Akwai kuma yadda kasafi yake tafiya. Haƙa sabuwar rijiya aikin raya ƙasa ne, ana ba da kwangila, ana yanka ƙyalle, ana ɗaukar hoto. Sayen sumo da nada waya da canjin bawul kuɗin gudanarwa ne, babu mai ganinsu, su ne kuma farkon abin da ake datsewa idan aljihun gwamnati ya matse. Shi ya sa za ka shiga gari ka ƙirga rijiyoyi biyar, huɗu matattu, ana kuma shirin haƙa ta shida. A Nuwamban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, wanda ya nuna an san girman matsalar, sai dai ayyanawa ba ta sauya wannan ɗabi'a ta kasafi ba.

Maganar ma'aikaci

Ba zan wanke shi ba tun ban ga takardunsa ba, kuma ba zan ce babu masu karkatar da mai a cikin ma'aikatan ruwa ba. Akwai su, kamar yadda akwai masu haɗa wa mutum bututu ta bayan fage su sa kuɗin a aljihu. Amma zargi a majalisa ba ya kawo ruwa, kuma wannan abu ne mai sauƙin aunawa. Yawancin janareta suna da agogon da ke ƙirga awannin aiki. Ku nemi takardar man da aka kawo, ku duba awannin da injin ya yi, ku ninka da abin da yake sha a awa. Idan an kawo lita 400 agogo ya nuna awa 30, akwai magana. Idan ya nuna kusan awa 100, ku nemi afuwarsa. Idan kuma babu takarda, babu littafin aiki, agogon ma ya mutu, to laifin ya haura kansa, ya kai ga masu sa ido.

Ina so jama'arku su san halin da irin wannan ma'aikaci yake ciki. Ƙwararrun da aka horar a shekarun da aka gina waɗannan ayyuka sun cika shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa sun yi ritaya, ba a kuma ɗauki isassun magada ba. Da yawa daga cikin masu riƙe gidajen famfo a karkara ma'aikatan wucin gadi ne, wasu da aikin gadi suka fara suka koyi tayar da inji da gani. Ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna tana horar da ma'aikata, amma kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa turawa. Ba shi da babur na aiki, ba shi da na'urar auna wuta, ba shi da ko naira dubu goma ta ofis da zai sayi abin gyara. Idan wani ƙaramin abu ya lalace a allon wuta, sai ya rubuta wa shugaban shiyya, shiyya ta rubuta wa hedkwata, hedkwata ta jira a saki kuɗi. Kafin amsa ta dawo, ya gaji da zagin jama'a ya haɗa waya kai tsaye ba tare da kariya ba. A nan sumo ke ƙonewa.

Ƙonewar sumo ba ƙaddara ba ce kawai, tana da dalilai sanannu: wuta ta yi ƙasa ko layi ɗaya cikin uku ya ɗauke, ko an cire abin kariyar da ke yanke wuta idan injin ya yi nauyi, ko yashi na shiga saboda matatar rijiyar ta lalace, ko kuma injin ya fi ƙarfin rijiyar, ya zuƙe ruwan ya ci gaba da juyawa a bushe. Na ƙarshen nan ya fi yawa a yankinku. Idan aka sayo sabo aka zura ba tare da an gano wanne ne ba, kafin damina ta zagayo ya sake ƙonewa.

Wani abin da ke tafiya da tsofaffin ma'aikata shi ne sanin inda bututu ya bi. Taswira babu, ko ta ɓace. Na taɓa zuwa wani gari inda rabin unguwanni suka daɗe babu ruwa, ana ta zargin rijiya, ashe bawul ne guda da masu aikin titi suka binne a rufe. Wani tsohon mai gyaran famfo da ya yi ritaya ne ya taka da sandarsa ya nuna wurin. Idan kuna da irin wannan dattijo a raye, ku zauna da shi ku zana layukan a takarda tun yanzu.

Sabuwar rijiya ko gyara

Ƙasar da kuke kai tana da muhimmanci a wannan shawara. Kudancin Kano da yankin Dutse da Birnin Kudu da Gwaram suna kan dutse ne. Ruwan ƙasa yana maƙale a ruɓaɓɓen dutse na sama da cikin tsagogi, shi ya sa rijiya biyu masu tazarar taku ɗari, ɗaya ta ba da ruwa ɗaya ta fito a bushe. Ba kamar wajen Gumel da Malam Madori da Haɗeja ba, inda ake kan yashi da laka na kwarin Chadi, ruwan ya fi yalwa ko da ya yi zurfi. A ƙasar dutse, rijiyar da ke ba da lita 1 a daƙiƙa ana murna da ita. Lita 3,600 ke nan a awa. Sola kuma aikinta na sosai awa 6 zuwa 7 ne a yini, ya ragu lokacin hazo idan ba a goge farantan. Don haka sabuwar rijiya guda mai sola za ta ba ku abin da bai wuce lita 25,200 ba a rana, kashi ɗaya cikin shida na buƙatar da muka lissafa. Unguwar da ke kusa za ta sha, saura su ci gaba da sayen jarka, sannan rigima ta tashi tunda kowa ya ba da kuɗinsa.

Ga shi kuma kuna da dukiyar da ta fi sabuwar rijiya tsada: tanki, da layin bututu, da ramuka biyu da aka riga aka san suna da ruwa. Shawarata ita ce kuɗin farko su tafi ga bincike. A ciro injinan biyu, a auna zurfin rijiya da inda ruwa ya tsaya, a wanke ta da iska, sannan a yi gwajin zuƙa na awa 24 a ga nawa take bayarwa ba tare da ta ƙafe ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, Afrilu zuwa Mayu, domin gwajin watan Satumba yana yaudara. Ku karɓi sakamakon a rubuce. Da shi za a zaɓi girman sumo da yawan farantan sola, ba da abin da mai shago yake da shi a ajiye ba. Ina goyon bayan mayar da rijiyoyin kan sola, amma kada ku sayar da janareta. A bar shi ya cike gibin dare da watannin zafi, awa biyu ko uku maimakon takwas. A yi wa farantan katanga da walda mai kyau, a sa mai gadi da ake biya, domin satar farantai da wayoyi ta kashe ayyukan sola masu yawa.

Kafin ku taɓa ko ƙusa, ku samu izini a rubuce. Kayan hukuma ne, kuma na ga inda jama'a suka gyara da kuɗinsu daga baya aka ce sun yi kutse. Ku je da dagaci da wasiƙar hakimi da kansilanku, ku fara da sashen ruwa na ƙaramar hukuma, sannan ofishin shiyya na hukumar da ta mallaki aikin. Kada ku je da kuka kawai. Ku je da lissafin jama'a, da jerin abin da ya lalace, da adadin abin da kuka tara, ku nemi a rubuta yarjejeniya: su ba da injiniya da babban gyara irin na tanki da rijiya, ku ɗauki na yau da kullum. Ofishin da ba shi da kuɗin aiki ya fi saurin motsawa idan ya ga an rage masa nauyi.

Daga nan sai maganar da ba a son ji, wato kuɗin ruwa. Idan gida 600 suka ba da naira 1,000 a wata, naira 600,000 ke nan, kuma kowane gida ya huta da mafi yawan abin da yake ba 'yan ga-ruwa. Karɓar wata-wata tana wahala a garin manoma, don haka wasu garuruwa sun fi samun nasara da sayarwa a bakin famfo kan kuɗi kaɗan, wasu kuma da karɓar hatsi lokacin kaka. Ku zaɓi abin da ya dace da ku, ku yafe wa marayu da gajiyayyu a fili. A buɗe asusu a banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a kowane wata, a kuma ware wani kaso da ba a taɓawa sai ranar da sumo zai mutu, domin ranar tana zuwa. Ku sa mata a kwamitin, su ne ke fara sanin ranar da ruwa ya canja ɗanɗano ko ya rage ƙarfi. 'Yan ga-ruwa kuma kada ku mayar da su abokan gaba. Sana'arsu ce, kuma su suka riƙe garin wata 8. A ba su famfo nasu su saya a kan sari su kai unguwannin da bututu bai kai ba. Makiyaya ma a yi musu kwami nesa da inda mutane ke ɗiba.

Ranar da ruwa zai dawo

Bututun da ya yi wata 8 a bushe ba a sakar masa ruwa a ce a sha nan take. Duk inda ya tsage, ƙasa da ruwan kwata sun shiga, kuma ko bayan gyara, duk lokacin da aka ɗauke ruwa bututu yana zuƙo abin da ke kewaye da shi. A wanke tankin, a rufe bakinsa da kyau, a zuba kulorin a layukan a bar shi ya kwana sannan a zubar. A bi layi a ƙafa ranar farko a yi wa duk inda ya jiƙe alama. Kwalarar 2021, wadda Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ta isa ta sa a ɗauki wannan da gaske. A kai samfurin ruwan ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret mai shiga ruwa daga ƙazantar masai, wanda ƙa'idar ƙasa ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita. Gari ya faɗaɗa tun da aka haƙa rijiyoyin nan, kuma yawaitar masai, wadda abin alheri ce har ta sa Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, tana buƙatar a kula da tazara. Kada masai ko salga ta kusanci rijiya da ƙasa da mita 30.

Daga nesa nake ba ka wannan amsa, kuma sakamakon gwajin ne zai yanke hukunci, ba ni ba. Idan ya nuna rijiyoyin biyu sun rushe daga ciki, ko abin da suke bayarwa a haɗe bai kai rabin buƙatarku ba, to sabuwar rijiya ta zama dole. A lokacin ma kada a haƙa ta a ƙofar gidan wani babba don girmamawa. A kira mai binciken ƙasa da na'ura ya gwada wurare da dama, ko da wurin da ya fi ya faɗa a fadama kilomita guda daga gari, a ja bututu daga can zuwa tankin da kuke da shi. A rubuta a cikin kwangila cewa cikon kuɗin mai haƙa sai bayan gwajin zuƙa, kuma ya miƙa muku takardar da ke nuna zurfin rijiyar, da inda ya sa matata, da abin da take bayarwa a awa. Ku ajiye kwafi ɗaya wajen dagaci, ɗaya a akwatin ƙungiya, ɗaya a gidan famfo.